Kada a Gaishe Shi, Yana Ɗaukar Kwaɗi

A takardun gwamnati, aikin Malam Sadisu shi ne kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan. Haka aka rubuta, a kan haka aka biya shi har ya yi ritaya. Amma duk wanda ya zauna a sakatariyar Jalingo a zamaninsa ya san ainihin aikinsa gaisuwa ce, fayil ɗin abin riƙewa ne kawai don kada hannu ya zauna banza. Yana gaisawa da Hausa, yana gaisawa da Fulatanci, ya kuma iya ta Mumuye da ta Jukun daidai gwargwadon da zai sa tsohuwa ta sauke kayanta ta yi dariya. In ya tare ka a baranda sai ya tambayi kwananka, da gajiyarka, da iyalinka, da mai jikin da kai kanka ka manta ka taɓa gaya masa ba shi da lafiya. Fayil yakan isa a makare. Ba a taɓa jin an kai ƙararsa ba, domin wanda za a kai wa ƙarar shi ma yana jiran tasa gaisuwar.

Gidansa yana Mayo Gwoi, can ƙasa inda unguwa ke gangarawa rafi. Daga ƙofarsa zuwa masallaci tafiya ce gajeriya ga kowa ban da shi. Matarsa Hamna, mai sayar da ƙosai da kunun gyaɗa a bakin layi, takan ce in tana so ya sami jam'in la'asar sai ta tura shi tun azahar.

Bara, ana tsakiyar zafin bazara, hawan jini ya kayar da shi a tsakar gida yana alwala. Ya fito daga asibiti da ƙafar dama tana ja, hannun dama a naɗe a ƙirji, da kalma guda a baki. Hankalinsa garau, yana fahimtar duk abin da aka faɗa, amma kome ya yi niyyar cewa, in ya iso leɓe sai ya fito "madalla". Abin da ciwon ya bar masa ke nan daga harsuna huɗu. Likita ya ce wasu ko wannan ba sa samu. Hamna ta ce an gode Allah da bai zama zagi ba.

Da farko kalmar ta yi aiki, don rabin gaisuwar Hausa ana iya amsa ta da madalla ba tare da kowa ya lura ba. Sai ranar da maƙwabcinsu Benjamin mai faci ya shigo da jajayen idanu, ya durƙusa a gaban tabarmarsa ya ce, "Baba, mamana ya rasu jiya a Zing."

Malam Sadisu ya san tsohuwar. Ya sha gaishe ta da yarenta duk lokacin da ta zo ganin ɗanta. Ya kama hannun Benjamin da hagunsa, ya tattaro dukan ta'aziyyar da ke cikinsa, ya buɗe baki ya ce, "Madalla."

Benjamin bai riƙe abin a zuciya ba. Ya faɗa a ranar, ya sake faɗa bayan ya dawo daga jana'iza: "Ni na san baki ne ya yi, ba Baba ba." Malam Sadisu ne ya riƙe. Ya shiga ɗaki ya saki labule. Sallarsa a ciki, cinsa a ciki. In ya ji an yi sallama a zaure sai ya juya fuska bango ya rufe ido. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tare mutane a hanya ya koma mai barcin da ba ya barci.

Farkon damina yayansa Hayatu, dillalin shanu a Sunkani, ya zo dubiya. Ya leƙa ɗakin, ya ga ƙeyar ƙaninsa, ya fito ya zauna a kan turmi.

"Hamna, ban ce kin gaza ba."

"Ban ji ka ce ba, Hamma." Haka ake kiran yaya a gidansu.

"Amma in dai zaman ɗaki zai yi, gara ɗakin gidan ubansa. Ke kina bakin layi da kasko, shi yana nan yana ƙirga tsagar bango. Can akwai mata, akwai jikoki, akwai mai ba shi ruwa."

"Ni fa?"

"Sunkani ba Makka ba ce. Kya riƙa zuwa."

Hamna ta san in ta bi shi can, kaskon da ke ciyar da su ya mutu, in kuma ta zauna, ta zama mai zuwa dubiyar mijinta. Ta kuma san hurumin yaya ne ya ɗauki ƙaninsa. Sai ta roƙi a bari damina ta wuce, hanya ta bushe. Hanyar Sunkani babbar hanyar mota ce, su duka sun san haka. Hayatu ya dube ta, ya ce to, in ruwa ya ɗauke zai zo da mota.

A cikin wannan daminar Cynthia ta shigo unguwa. Malamar kimiyya ce a wata sakandare a Barade, tana kuma taya wasu masu bincike aikin sa-kai. Ta fara da tura saƙo a zauren waya na mutanen unguwa cewa duk mai kwaɗo kusa da gidansa ya turo. Ba ta faɗi wane irin kwaɗo ba. Wani mai shago ya turo hoton kwaɗon da yake kulle ƙofarsa, ya ƙara da cewa ɗan Chana ne amma yana da ƙarfi. Wata mata ta turo kwanon kwaɗon zogale. Daga nan Cynthia ta gane gara ta zo da ƙafarta, ta kuma fara da wurin mai ƙosai, inda kowane labari ke farawa.

"Mama, kwaɗo mai tsalle nake nufi," in ji ta, da irin Hausar Jalingo da ba ta damu da wane ne namiji wace ce mace ba. "Akwai wani baƙo, ba na nan ba ne. Muna tunani ta zo cikin ruwan 'ya'yan kifi da masu kiwo suke kawowa daga nesa. Yana da girma, yana cinye 'ya'yan na gida."

Ta kunna mata kukansu a waya. Na gida kowa ya san su, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Baƙon kuwa muryarsa can ƙasa take, kamar an hura bakin tulun da ba ruwa.

"In kun same shi, me za ku yi masa?" in ji Hamna.

"Mu san inda ya kai tukuna."

"Haka mu ma gwamnati ke yi da mu," in ji Hamna, ta juya ƙosai.

Aikin ba wuya. Bayan magariba, lokacin da kwaɗi ke buɗe baki, mutum ya tsaya kusa da ruwa, ya danna, ya ɗaga waya kamar minti guda, ya saki. Wayar ta san inda take, ita za ta aika. Hamna tana da babbar waya da 'yarsu ta aiko daga Wukari, wadda har lokacin ba ta da aiki sai nuna fuskokin jikoki. Ta karɓi aikin.

Ga yadda saƙonta na farko ya fara: "Assalamu alaikum. Malaman kwaɗi, barkanku da yamma. Ya aiki, ya iyali, ya ruwa? Hamna ce daga Mayo Gwoi, matar Malam Sadisu masinja, da fatan na same ku lafiya." Kafin ta zo kan kwaɗin lokaci ya ƙare. Aka dawo da shi. Aka dawo da na biyu, aka dawo da duk waɗanda suka biyo baya.

Cynthia ta zo har gida. Suka zauna a tsakar gida, kusa da labulen da ba ya motsi.

"Mama, kai ne kake magana a ciki. Ba mutum yake ji ba, na'ura ne."

"Ita na'urar daga sama ta faɗo? Wanda ya ƙera ta ai yana da uwa."

"Ba a sallama, ba a godiya, ba a cewa kome. Ka danna, ka yi shiru."

"In aika wa mutane saƙo haka tsirara, kamar sammaci? 'Yar nan, wa ya raine ki?"

"Mama, ni ma ina jin kunya. Amma haka yake so."

Hamna ta gwada, a yi mata adalci. Ta rage gaisuwar har ta koma "to, ga su nan" a farko da "sai an jima" a ƙarshe. Ƙasa da haka ta ce ba za ta iya ba, ko an ɗaure ta. Na'ura ta ci gaba da dawo da saƙo. Da Cynthia ta sake zuwa, Hamna ta miƙa mata wayar ta ce ta cire abin, ta nemi wani marar tarbiyya ta ba shi.

Sai suka ji ana ƙwanƙwasa ƙofar ɗaki da sanda. Labule ya ɗan buɗe, hannun hagu ya fito, tafinsa a sama.

Cynthia ta tashi, ta cire takalmi, ta buɗe baki za ta yi sallama. Hamna ta dafa kafaɗarta ta girgiza kai. Haka malamar ta shiga ɗakin dattijo ba ko uffan, abin da in mahaifiyarta ta ji sai ta zane ta duk da girmanta. Ta durƙusa, ta nuna masa inda ake dannawa da inda ake saki. Ita ce baƙuwa ta farko da bai juya wa ƙeya ba, don ba ta tambaye shi kome da zai amsa ba.

A ranar, bayan magariba, ya tsaya a tagar da ke kallon lambatun bayan gida, ya ɗaga waya. Da safe alama ta fito cewa an karɓa. Hamna ta ce wannan rashin adalci ne, ita da ta gaishe su ba su ko amsa ba. Tana faɗa tana share ido da bakin zane, ta ce hayaƙin itace ne, alhali ba ta hura wuta ba tukuna.

Akwai taswira a cikin wayar. Duk inda aka ɗauki kuka sai ɗigo ya fito: kore in na gida ne kaɗai, ja in an ji baƙon. Malam Sadisu bai tsallake yamma ko ɗaya ba, ɗigonsa suka taru wuri guda suka hau kan juna. A wajen masu binciken, babu wurin da aka sani ciki da waje a duk Taraba kamar bayan ɗakinsa. Duka kore.

"Baba, aikinki ya fi na kowa tsabta," in ji Cynthia. "Amma lambatun nan mun gama saninsa. Rafi ne ba mu da kowa."

Malam Sadisu ya daɗe yana kallon shuɗin layin rafin da ke taswirar. Tsakaninsa da layin akwai shagon Benjamin, akwai mai shayi, akwai ƙofar masallaci, akwai bencin dattawa. Kowannensu baki ne mai jiran amsa.

Washegari da yamma Hamna ta dawo da kasko a ka ta tarar da shi a zaure. Ya sa kaftanin da yake zuwa ofis da shi, ya ɗora hula, sanda a hammata. Ya tsaya dab da bakin ƙofa, yana jin muryoyin layi, ƙafarsa ta ƙi tsallake dokin ƙofar. Hamna ta dube shi. Ta sauke kaskon, ta gyara mayafi, ta wuce shi ta fita. Daga zaure yana jin muryarta tana bin layi.

"Jama'a, Malam zai wuce. Kada wanda ya gaishe shi, yana ɗaukar kwaɗi. Duk wanda ya yi magana muryarsa za ta shiga, a dawo da aikin. Ni nan na sha, na san abin da nake faɗa."

"Ko sannu, Inna?" in ji mai shayi.

"Ko tari."

Malam Sadisu ya ɗaga waya sama da kai, ya fito. Yana jan ƙafa, idonsa a gaba. Mai shayi ya rage rediyo. Dattawan benci, waɗanda tun bazara suke tara masa gaisuwa, suka haɗiye ta, ɗayansu ya ɗaga hannu, sauran suka bi. Babu kwaɗo ko ɗaya a wannan layin, busasshe ne, kuma fuskar wayar baƙa ƙirin take don bai kunna ba. Da ya zo shagon faci tafiyarsa ta ragu. Benjamin ya miƙe daga kan taya, ya dubi wayar, ya dubi dattijon, ya ɗaga hannunsa mai baƙin mai ya riƙe shi a sama har aka wuce.

"Waya a kashe yake, na gani," in ji Benjamin daga baya. "To ina ruwana? An ce Baba yana aiki."

Haka abin ya zama al'ada. Unguwar da ba ta taɓa yin shiru don wa'azi ko siyasa ba ta koyi yin shiru don kwaɗi. Matan da ke dawowa daga koyon waƙar coci sukan yanke waƙa a tsakiya. Wasu masu keke-napep sukan kashe inji su gangara. Da yake masallaci a kan hanya yake, ya fara shiga jam'in magariba, waya a aljihu, in an sallame ya ciro ta ya ɗaga kafin wani ya miƙo hannu. Liman da kansa ya koyi gaishe shi da gira.

Tsakiyar damina ya ji baƙon. A ƙarƙashin kwalbatin da ruwan masu kiwon kifi ke bi ya faɗa rafi, cikin hayaniyar na gida, wata murya ta taso daga ƙasa, ta yi shiru, ta sake tasowa. Ya riƙe wayar a sama har ta gama ɗauka. Da safe ɗigo ja ya fito, na farko a wannan ɓangaren gari. Cynthia ta zo a guje daga makaranta da alli a hannun riga, ta manta da doka ta ce, "Baba, kin same shi!" Ya ce, "Madalla." Su duka uku suka tsaya, suka auna kalmar, suka ga ta zauna daidai wurinta.

Daga nan ya bi baƙon. Kowace yamma yakan ƙara gaba kaɗan a gefen rafi, Hamna tana biye da kujerar roba da tocila, bakinta a rufe da gefen mayafi don ta san halinta. Jajayen ɗigo suka jeru suna gangarawa da ruwa, kore a gabansu. Ƙafar ba ta warke ba, amma ta daina gardama. Bakin kuwa yana nan yadda yake.

Ruwa ya fara ja da baya, gero ya sunkuya. Wata ranar Asabar bayan la'asar Hayatu ya iso da motar haya. Ya shiga, ya ɗaga labule, ya ga tabarma a naɗe.

"Ina yake?"

"Ya fita aiki, Hamma."

"Aikin me?"

"Gara ka gani da idonka."

Suka yi magariba, suka gangara. Malam Sadisu yana tsaye a kan kwalbati, waya a sama, wannan karon a kunne. Hayatu ya hango shi a tsaye cikin kaftani, ya buɗe murya irin ta kasuwar shanu: "Salamu alai..."

"Shhh!" in ji Benjamin, da mai shayi, da wata mata mai ɗauke da itace da ba ta ma san ko shi wane ne ba.

Ba a taɓa yi wa Hayatu haka ba tun yana yaro. Ya tsaya da sauran sallamar a baki. Da yake babu abin yi, sai ya ƙarasa ya tsaya kusa da ƙaninsa, kafaɗa da kafaɗa, suka saurari rafi. Na gida suna ta kaɗa tsakuwarsu. Sai muryar ta taso. Malam Sadisu ya zungure shi da gwiwar hannu, ya nuna duhun kwalbatin da haɓa, fuskarsa irin ta mai nuna wa baƙo gonarsa.

Da aka sauke wayar Hayatu ya yi gyaran murya. "Wannan mai kukan bijimin? Ai akwai shi a kududdufin bayan gidanmu. Tun bara yake hana matan gida barci. Mun ɗauka aljani ne."

Malam Sadisu ya buɗe taswira ya ja ta da babban yatsa har Sunkani. Babu ɗigo ko ɗaya, kore ko ja. Ya kama hannun rigar yayansa, ya nuna hanyar mota, ya sake nunawa.

"Ka ga," in ji Hayatu, bai dubi Hamna ba. "Shi da kansa yake son tafiya."

Hamna ta kunna tocila ta shige gaba. Suka dawo gida. Da safe ta ciro jakarsa ta fara ninke kaftanai, ta sa magungunansa a leda, ta ajiye jakar a bakin ƙofa. Direba ya miƙa hannu zai ɗauka. Malam Sadisu ya dafe jakar da sanda, ya tura ta da ƙafarsa mai lafiya ta koma cikin ɗaki. Ya shiga, ya fito da abu biyu: igiyar cajin waya a aljihu, da mayafin fita na Hamna a kafaɗa. Ya miƙa mata da hagu. Sannan ya ɗauki kujerar roba ya ba direba.

Hayatu ya dubi jakar da ke kwance a ɗaki. Dillali ne, ya san lokacin da ciniki ya ƙare.

"Na dai gaya wa mutanen gida zan kawo shi," in ji shi.

"Ai kawo shi za ka yi, Hamma," in ji Hamna, tana yafa mayafi. "Ka kuma dawo da shi, gobe ina da suya."

"An share masa ɗaki. Har fenti aka yi."

"Allah ya saka. Ka gaya musu tun daga ƙofa kada a gaishe shi."

"A gidanmu? Goggo za ta tsine mini."

"Ka ce mata aikin masana ne."

Sun je, an ɗauki kukan kududdufin bayan magariba, dangi a jere a bakin ruwa kowa ya toshe bakinsa, Goggo tana gaisuwarta a zuci leɓunanta na motsi. Sun kwana, da hantsi motar ta sauke su a Mayo Gwoi. Ɗigon Sunkani ya fito ja, Cynthia ta ce za a nemi wanda zai riƙa ɗauka a can, Hayatu ya ce shi ba zai iya shiru ba amma zai tambaya.

Yanzu rani ne, kwaɗi sun yi shiru, na gida da baƙon duka. Malam Sadisu yana fita kowace yamma da waya a sama, unguwa tana ɗaga masa hannu, ba wanda ya ga dalilin tayar da maganar cewa rafin ya ƙafe. Ɗakin da aka yi wa fenti a Sunkani kuwa, da kaka ta yi, Hayatu ya zuba masara a ciki. Ya ce ba a taɓa ajiye masara a wuri mai kyau haka ba.